Tudu Goma Sha Ɗaya Tsakanin Iya da Auta

Shekara ashirin da biyu Mai Ƙwai ya yi yana rabon ƙwai a kan keke, kuma in ka zauna da shi minti biyar sai ya gaya maka bai taɓa fasa kiret ba. In ka ƙara minti biyar, zai sake gaya maka. Kiret shida yake jerawa a kariyar bayan keken, ya shimfiɗa buhu a ƙasa saboda girgiza, ya ɗaure su tam da tsohuwar robar taya. Zagayen safe na gidajen burodi ne, na yamma na masu kanti. Ƙararrawar keken ta mutu tun yaransa suna goye, don haka da baki yake yin ta. Ba ya gudu, ba ya matse birki da ƙarfi, ba ya ɗaga hannu ya amsa gaisuwa, wanda zai ji haushi ya ji.

Layinsu miƙaƙƙe ne, daga ƙofar gidansa kana hango ƙarshensa. Da can ramuka ne ke tsaron mutane, don babu direban da ke ƙaunar motarsa da zai yi gudu a kansu. Sai aka zo aka shimfiɗa kwalta daga bango zuwa bango, aka rushe duk wani dakali da ke ƙofar gida, wai don hanya ta samu fili. An yi murna kwana uku. A rana ta huɗu direbobin babban titi suka gano cewa layin yanke ne, yana raba mutum da danja biyu da cunkoson bakin kasuwa. Daga ranar kajin layin suka fara ƙarewa.

Kaji ba su dami Mai Ƙwai ba, shi kwaltar ma daɗi ta yi masa. Abin da ya dame shi Iya ce, mahaifiyarsa, da ke ɗakin farko in ka shiga gidan. Kullum bayan la'asar Iya takan ɗauki sandarta ta tafi ƙarshen layi wajen ƙanwarta Auta, wadda ciwon ƙafa ya kwantar shekara uku. Su biyu suka rage cikin 'ya'ya tara. Ba wata hirar arziki suke yi ba, faɗa suke yi a kan wadda ta fasa madubin mahaifiyarsu shekara sittin da suka wuce. Iya ta ce Auta ce, Auta ta ce ƙarya ne, su yi ta yi har magariba ta gabato, Iya ta dawo gida fuskarta a sake ta ci abinci da kyau. Da aka rushe dakalan da take hutawa a kai, sai ta koma jingina da bango tana haki, amma ba ta fasa zuwa ba.

Ranar da ta fasa, wata farar mota ce ta zo a guje, madubinta ya fizge sandar daga hannun Iya ya wurga ta can gaba. Iya ba ta faɗi ba, ko ƙwarzane ba ta yi ba. Ta tsaya a jikin bango hannunta a dunƙule kamar sandar na ciki, har sai da matar Mai Ƙwai ta fito ta kamo ta. An ɗauko sandar, an goge ta, an jingine ta a bayan ƙofa. A can sandar ta zauna.

Mai Ƙwai ya ce zai kai ta a kan keke. Ta ce, "Ni ba ƙwai ba ce." Ya ce zai samo mota. Ta ce, "In shiga cikin abin da ya ƙwace mini sanda? Allah ya kiyaye." Aka gwada waya, amma Auta kunnenta ya yi nauyi, faɗan ba ya tafiya. Sai Iya ta koma zama a bakin taga, tana tura kwanon abinci gefe. Auta ta aiko a gaya mata ta san dalilin rashin zuwan, wato gaskiya ce ta kama Iya a kan madubi. Da da ne, da Iya ta miƙe nan take. Wannan karon murmushi kawai ta yi, shi ne kuma abin da ya tsorata ɗanta.

Washegari ya ajiye keke, ya sa rigarsa ta zuwa asibiti, ya tafi ofishin kula da hanyoyi da takarda a hannu. Abu ɗaya ya roƙa, a yi musu tudun rage gudu guda ɗaya, irin wanda ake yi a ƙofar makarantu. Ya iske Akawu a bayan tebur, fanka na kaɗa fayiloli an danne su da rabin bulo.

"Mutum nawa aka kaɗe?" in ji Akawu.

"Babu, ranka ya daɗe. Sanda ce."

Akawu ya bi fom da bakin biro daga sama har ƙasa. "Babu gurbin sanda. Akwai na mutum, akwai na dabba, akwai na turken lantarki. Mu a nan sai an kaɗe mutum uku cikin wata shida kafin a rubuta hanya a matsayin mai haɗari. Ku ko ɗaya ba ku kawo ba."

"Ai shi muke gudu, yallaɓai."

"To ka ji. Ku gudunsa kuke yi, mu kuma da shi muke aiki." Ya buga wa takardar hatimi, ya ɗaga rabin bulon ya saka ta a ƙasa. "Za a duba."

Wata biyu ana dubawa. Da Mai Ƙwai ya gaji, sai ya bi gida gida ya tara mazan layin a rumfar Tela. Tsohon Hedimasta ya zama shugaba tun kafin kowa ya zaɓe shi, ya yi jawabi na rabin awa a kan tarbiyyar direbobin zamani. An yarda baki ɗaya a yi tudu guda, su da kansu. Aka shiga maganar inda za a yi shi, nan fa aka kusa ba hammata iska. Mai Bene, wanda ya fi kowa gida da ƙofar ƙarfe a layin, shi ya kashe gardamar. Ya ce siminti da tsakuwa duk nasa ne, kada kowa ya damu. Wanda ya ba da siminti kuwa ba a tambayarsa a ƙofar wa za a zuba.

Aka kira Magini. Magini yana da tef ɗin awo, yana nan rataye a ƙugunsa, amma na ado ne. Shi da jikin mai aiki yake awo. Sai ya tsayar da kai a bakin hanya ya ce, "Ina kake so ya kawo maka?" kai kuma ka sunkuya ka nuna a ƙafarka. Mai Bene ya nuna idon sawu. Mai Ƙwai ya matso ya ce don Allah a bar ɗan giɓi a gefe, kamar taƙi biyu, saboda masu keke.

Magini ya ajiye cebur ya dube shi. "In bar giɓi? Gobe a ce na ci simintin mutane? Ni aikina daga bango zuwa bango ne, Malam. Je ka tambaya."

Tudun farko ya yi aiki, amma a ƙofar Mai Bene kaɗai. Direba ya taka birki a nan, ya haye a hankali, sannan ya rama lokacin da ya ɓata a kan sauran layin. Ba wannan ne ya fi ƙona ran mutane ba. Abin da ya fi ƙona rai shi ne yadda baƙi suka fara kwatance da shi: gida na uku bayan tudun Mai Bene, shago na biyu kafin tudun Mai Bene. Matar Tela ta tambayi mijinta a gaban masu karɓar ɗinki ko su 'ya'yansu na roba ne. Kafin mako ya zagayo Tela ya tsaya a gaban Magini, ya nuna yatsa huɗu sama da idon sawu. Ya ce shi tela ne, ya san tsawon da ya dace.

Hedimasta ya ce abin takaici ne a ce mutumin da ya yi shekara talatin yana tsallakar da yara titi ba shi da tudu. Ya nuna tsakiyar ƙwauri. Hedimasta kuwa dogo ne, ƙwaurinsa ba irin na kowa ba ne. Mai kantin magani ya yi nasa, mai wanki ya yi nasa. 'Yan haya na wani gida suka haɗa kai suka yi ɗaya, sai mai gidan ya ce ba za a ce 'yan haya suna da tudu shi ba shi da shi ba, ya yi wani taku goma a gaba. Mai Bene ya leƙo daga sama ya ga nasa ya zama ƙaramin kowa. Ya kira Magini a ƙara, amma da aka zo awo sai aka ga matsala: Mai Bene gajere ne, gwiwarsa da kyar ta wuce ƙwaurin Hedimasta. Sai ya aika aka kira masa surukinsa, wani zabgegen mutum mai aiki a tashar ruwa, aka auna da tasa gwiwar. Da aka gama ya sa aka liƙa masa ragowar tayil ɗin banɗakinsa, fari mai ɗigon shuɗi.

Cikin mako biyar layin ya samu tudu goma sha ɗaya. Ƙofar Mai Ƙwai ce kawai babu, don shi ba shi da siminti, kuma ba shi da lokacin yin kishi, yana ta sauka da hawa. A kowane tudu sai ya sauka, ya ɗaga tayar gaba, ya tallafi kariya da ƙugu, ya ɗaga ta baya da kiret shida a kai, yana riƙe numfashi. Sau goma sha ɗaya a fita, sau goma sha ɗaya a dawowa, safe da yamma. Bayansa ya fara ciwo. Masu burodi suka fara duba agogo in ya shigo.

Na goma sha ɗayan ne ya kayar da shi. Da safe ya wuce babu komai a wurin, da yamma ya taho da lodi ya ƙirga goma ya hau keke yana hamdala, rana na dukan idonsa. Bai ga sabon ba sai da tayar gaba ta gaishe shi. Keken ya tsaya, Mai Ƙwai bai tsaya ba, ƙwai kuma suka bi shi. Kiret huɗu suka tarwatse a kan kwalta, ƙwanduwa ta malala har ƙofar mai wanki. Mutane suka fito suna "Sannu, sannu, Allah ya mayar da alheri," kowa yana cije leɓe. Kafin ya kai gida an raɗa masa sabon suna, Bai Taɓa Ba.

Ba ƙwan ne suka fi yi masa zafi ba, sunan ne. Shekara ashirin da biyu ya tara magana guda ɗaya da yake faɗa a kan kansa, ga shi an mayar da ita abin tsokana. Matarsa tana goge masa gwiwar hannu da ruwan ɗumi ta ce, "Baban yara, ai kai ka tara su a rumfa."

"Ɗaya na ce! Ɗaya!"

"To ai kowa ɗaya ya yi."

Ya yage takarda daga littafin 'yarsa, ya zauna ya cika ta gaba da baya. Ya fara da "a matsayina na mai keke," ya rubuta cewa wasu mutane sun gina tudu goma sha ɗaya a kan hanyar hukuma ba tare da izini ba, ya jera su ɗaya bayan ɗaya har da mai tayil. Da safe ya kai wa Akawu. Wannan karon Akawu bai nemi fom ba. Ya karanta, ya gyara zama, ya sake karantawa, idonsa ya kawo haske.

"Ba izini? A kan kwaltarmu?"

"Mutum nawa ake bukata wannan karon, ranka ya daɗe?"

"Wannan ba ya bukatar mutum," in ji Akawu. Bai saka ta a ƙarƙashin bulo ba, da kansa ya miƙe ya hau sama da ita.

Mai Ƙwai ya dawo zuciyarsa wasai, kuma saboda kullum idonsa na kan tayar gaba, bai lura da abin da ya faru da layin ba. Motoci sun daina zuwa. Na ƙarshe da ya gwada wani mai doguwar mota ne, ya bar salansar motarsa a kan tudun Mai Bene, labari kuma ya zaga tasha. Masu babur ma sun haƙura. Shi kansa Mai Bene a bakin babban titi yake ajiye motarsa ya tako gida a ƙasa, yana cewa likita ne ya sa shi. Layin ya yi shiru har kana jin keken ɗinkin Tela daga ƙarshensa. Mata suka fara tsayawa hira a tsakiyar kwalta, kaji suka dawo da 'ya'yansu.

Wata ranar Talata ya dawo daga zagayen yamma da wuri, ya leƙa ɗakin Iya ya ga babu kowa. Ya duba bayan ƙofa, babu sanda. Ya fito a ruɗe ya dubi layi, sai ya hango ta can a zaune a kan tudu na huɗu, na Hedimasta, sandarta a kan cinya, tana sauke numfashi a hankali. Ya ruga.

"Iya! Me ya fito da ke?"

"Ƙafata," in ji ta. "Matsa, ka tare mini iska."

Ta dogara sanda ta miƙe, ta ɗaga ƙafa ɗaya ta haye tudun, sannan ɗayar, ta yi gaba. Ya bi ta a baya yana ƙirgawa ba da niyya ba. Taku talatin da 'yan kai, numfashinta ya fara sarƙewa, sai ga tudu na biyar a gabanta kamar an aiko shi. Ta zauna. Taku talatin ne iyakar ƙarfin Iya, kuma kishin maƙwabta ya jera mata wurin zama kusan kowane taku talatin, abin da ko dakalan da ba su yi mata ba. Na Tela ta ce ya yi ƙasa, tashi daga kansa sai an yi da gaske. Na mai wanki kullum a jiƙe yake. Da ta kai na Mai Bene sai ta zauna ta miƙe ƙafa ta shafa tayil ɗin da tafin hannu.

"Wannan yaron Allah ya yi masa albarka. Ka ji sanyi?"

Mai Ƙwai ya tsaya a ƙofar ɗakin Auta, bai shiga ba. Ya ji kamar wata na jan hanci. Sai muryar Auta ta fito, siririya mai kaifi: "Kin zo ki amsa laifinki ke nan?" Iya ta ce, "Ke dai har kabari da ƙarya za ki shiga." Ya jingina da bango ya yi dariya har hawaye suka zubo masa. Ranar Iya ta cinye abincinta ta nemi ƙari.

Yana kwance yana jin daɗi da sassafe, kafin ya tashi ɗaurin kiret, takardar ƙarar da ya kai ofis ta faɗo masa a rai. Ya tashi zaune zumbur. Ranar gidajen burodi ba su ga ƙwai ba, ƙarfe takwas yana ƙofar ofis.

"Na zo in janye takardata, ranka ya daɗe. Ta biyun."

"Ta hau sama," in ji Akawu.

"A sauko da ita mana."

"Malam, takarda ba ta saukowa. In kana so ka janye, sai ka rubuta wata ka ce ka janye."

Ya rubuta a tsaye, a jikin bango. Akawu ya buga mata hatimi, ya ɗaga rabin bulo. "Za a duba."

Mako uku ya yi da abin a cikinsa, ko matarsa bai gaya wa ya kai takardar ba. A cikin makonnin nan Iya ba ta tsallake rana ɗaya ba. Wasu tsofaffin da aka manta suna layin suka fara fitowa, kowa da tudun da yake so, har ana rigimar wuri a kan mai tayil. Mai Ƙwai ya ci gaba da ɗaga kekensa sau arba'in da huɗu a yini, kuma yanzu in an ce masa Bai Taɓa Ba sai ya amsa. Da ya ji ƙarar babbar mota daga bakin titi sai ya yi saurin leƙawa. Har ya fara sa rai ko wannan karon ma mantawa za su yi, tunda sun iya.

Ba su manta ba. An ce musu ƙarfe takwas na safe, don haka bayan la'asar suka iso: katafila ɗaya, tifa ɗaya, da Injiniya, wani matashi mai hular kwano da fayil a hammata. Mutanen layin suka firfito. Iya tana zaune a kan tudun Mai Bene da wasu tsofaffi biyu. Injiniya mutumin kirki ne, ya gaida kowa, ya ce ofishinsu yana alfahari da 'yan ƙasa masu kishi da ba sa ganin ɓarna su yi shiru. Ya buɗe fayil ya karanta takardar da ƙarfi, tun daga gaisuwa har jerin tudu, har inda aka rubuta "na tayil ɗin banɗaki, wanda ya fi kowanne muni." Mai Bene ya yi tari.

"Ina mai wannan takarda?" in ji Injiniya. "Ya fito mu gaisa."

Babu wanda ya motsa, amma duk layin babu wanda bai san mai rubuta "a matsayina na mai keke" ba. Kawuna suka juyo ɗaya bayan ɗaya. Mai Ƙwai ya ce a hankali akwai ta uku, wadda ya janye. Injiniya ya duba fayil ya ce biyu ya gani, kuma albishir, an haɗa su an amince da duka biyun. Ya kama hannunsa ya girgiza, wani ya ɗauki hoto. Sannan ya juya wajen tsofaffin ya rusuna.

"Mama, don Allah a ɗan tashi, za mu yi aiki."

Iya ta dubi Injiniya, ta dubi katafila, sannan ta dubi ɗanta. Ba harara ba ce, da harara ce da ya fi samun sauƙi. Ta dogara sanda ta miƙe, ta juya ta nufi gida, ba wajen Auta ba.

Abin da Magini ya yi mako biyar yana ginawa, katafila ta kwashe kafin magariba. Cikin kwana biyu aka yi sabon tudu guda ɗaya, a ƙofar Mai Ƙwai daidai yadda ya roƙa a takardar farko. An auna shi da tef. Tsayinsa yatsa uku ne, mai laushin hawa, an yi masa fenti baƙi da rawaya, an bar giɓi a kowane gefe saboda masu keke. Injiniya ya roƙi Mai Ƙwai ya ratsa da kiret shida a gani. Ya ratsa, ko girgiza ƙwan ba su yi ba. Ma'aikatan suka tafa, mutanen layi ba su tafa ba.

Labari ya zaga tasha da sauri fiye da na farko. Kafin ƙarshen mako motoci sun dawo, suna rage gudu a ƙofar Mai Ƙwai da ladabi, suna ramawa a kan sauran layin. Tela ya daina amsa masa gaisuwa. Mai Bene ya koma shiga da mota har cikin gida, maganar likitan ma ya daina ta. Ƙwai suna isa gidan burodi a kan lokaci, ba fashi ko ɗaya, kuma Mai Ƙwai bai sake gaya wa kowa shekara nawa ya yi yana rabo ba.

Rana ta biyar, bayan la'asar, yana ɗaure lodin yamma sai Iya ta fito da sandarta. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi sabon tudun, ta taɓa shi da bakin sanda. Ta ɗaga kai ta dubi layin, fetal har ƙarshe, babu ko dutsen da mutum zai ɗora ƙugu. Wata mota ta wuce iskarta ta kaɗa mata mayafi. Ta juya za ta koma ciki.

"Iya, tsaya," in ji shi.

Ya kwance robar, ya sauke kiret shidan ɗaya bayan ɗaya ya jera su a tsakar gida. Matarsa ta ce masu kanti fa suna jira. Ya ce su nemi wani, daga yau babu zagayen yamma. Ya ɗauko kujerar katakon da ake zama a kai a yi wanke-wanke, ya ɗaure ta a kariya inda ƙwai suke zama. Ya turo keken ya sa shi ta ɓangaren motoci, ya bar wa Iya ɓangaren bango.

Suka tafi, shi yana ƙirgawa a zuci. A taku na talatin ya kwance kujera ya ajiye, ya gitta keken ya tsaya a gabanta, motoci na yi masa hon suna zaginsa. Ta huta, ta miƙe, ya ɗaure, suka ƙara talatin. Ya yi ta jira ta yi maganar takardar, ta zage shi ya huta. A ƙofar Mai Bene, inda sabuwar kwalta ta yi baƙin faci mai faɗi, ya ajiye mata kujera. Ta zauna, kujerar ta ɗan girgiɗa, ta kai tafin hannu ta shafa katakon.

"Wancan ya fi sanyi," in ji ta.

"Na sani, Iya."

Ta miƙa masa hannu ya ɗaga ta, ya sunkuya ya ɗauki kujerar.